Hotuna sun fi 400 a waya, amma an ce rahotona bai tsaru ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ba ni aikin haƙa rijiyar burtsatse mai sola da gyaran ajujuwa biyu a wata firamare ta ƙauye. Aiki ya kammala, har yara sun koma aji. Yanzu sun ce ba za su saki ragowar kuɗina ba sai na kawo rahoton kammala aiki mai hotuna. Ina da hotuna sun fi 400, wasu a wayata, wasu yarona ne ya riƙa turo mini ta WhatsApp. Na zaɓi 60 na tura musu, suka dawo da su wai ba a tsare suke ba. Me suke nufi, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya sa a biya lafiya. Duba irin waɗannan rahotanni kafin a sa hannu a biya 'yan kwangila yana cikin aikina, don haka bari in gaya maka abin da ke faruwa a teburin da takardarka ta sauka.

Hotunanka 60 sun isa hannun mutumin da bai taɓa taka ƙauyen nan ba, kuma wataƙila ba zai taɓa takawa ba. A gabansa akwai takardar BOQ, jadawalin nan da aka lissafa kowane ɓangaren aiki da yawansa da kuɗinsa, wanda kai ma ka sa wa hannu. A ce layi na 2.4 ya ce fanel ɗin sola guda 8. So yake ya ga takwas ɗin, ya ƙirga da yatsa, ya yi alama, ya wuce layi na gaba. Sai ya buɗe saƙonka ya tarar da hoton tanki, sai na wasu mutane a tsaye, sai bango, sai tankin kuma ta wani gefen, babu suna babu kwanan wata. Ko da ya yarda a ransa cewa ka yi aikin, ba shi da abin da zai jingina sa hannunsa a kai, ga shi kuma bayan shekara ɗaya ko biyu mai binciken kuɗi zai zo ya tambaye shi dalilin da ya sa ya biya. Abin da suke nufi da "ba a tsare suke ba" kenan. An kasa haɗa kowane hoto da layin da yake yi wa shaida.

Saboda haka ajiye wayar tukuna, ka ɗauko BOQ da biro. A kowane layi ka tambayi kanka, wane hoto ne zai gamsar da baƙo cewa an yi wannan, kuma an yi shi daidai yawan da aka rubuta? Rubuta amsar a gefen layin. Sai ka kai ƙarshen takardar sannan ka koma cikin hotunan kana neman abin da ka rubuta. Za ka tarar cikin 400 ɗin nan da wuya aiki irin naka ya buƙaci fiye da 40. Za kuma ka tarar akwai layukan da ba su da hoto ko ɗaya, alhali tankin sama shi kaɗai ya kwashi kusan talatin don shi ya fi kyan gani. Kusan kowa haka yake yi, ba kai kaɗai ba ne.

Tsarin rahoton ma daga BOQ ɗin zai fito. Rijiya kashi guda, ajujuwa kashi guda, kada a gauraya su. A cikin kowane kashi ka bi aikin yadda ya gudana, daga yadda ka tarar da wurin zuwa yadda ka bar shi.

Duk wani muhimmin abu yana son a ɗauke shi daga nesa, daga tsaka-tsaki, da kuma daf da shi. Na nesa shi ke faɗin inda ake: ginin ajujuwan gaba ɗaya, da allon sunan makarantar ko wata bishiya ko masallacin da kowa ya sani a cikin hoton. Na tsaka-tsaki shi ke nuna abin da aka yi, misali bangon da aka sa wa sababbin tagogi huɗu, yadda za a iya ƙirga su. Na kusa kuma ingancin aikin yake nunawa, wajen walda, ko sakata, ko kaurin ƙarfen. Hoton kan famfo da aka ɗauka daf da daf shi kaɗai ba ya shaidar komai, domin irinsa na nan a kowane ƙauye daga Sakkwato har Maiduguri. A na kusa ka riƙa sa abin awo a ciki. Tef ɗin awo ya fi, a buɗe yadda lambobinsa za su karantu. Idan babu, ko biro ka ajiye a gefe don a iya kwatanta girma.

Hoton kafin aiki da na bayan aiki kuwa, amfaninsu yana cikin a ɗauke su daga wuri ɗaya. Idan ranar farko ka tsaya a bakin ƙofar aji kana fuskantar allo, to ranar ƙarshe ma nan za ka tsaya, allon nan za ka fuskanta. A jera su a shafi ɗaya, na da a hagu na yanzu a dama. Mai dubawa ba ya buƙatar bayani, idonsa zai yi masa aikin. Wannan ɓangaren kana iya gyara shi yanzu: buɗe tsofaffin hotunan a waya, ka koma makarantar, ka nemi inda aka tsaya aka ɗauki kowanne, ka sake ɗauka. Ka je da safe kafin rana ta take, ka sa ranar a bayanka. Da tsakar rana farin fenti yakan haske har komai ya ɓace, ƙarƙashin baranda kuma ya yi baƙi ƙirin. Goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ka fara, musamman lokacin hunturu. Ka kwantar da wayar, kuma maimakon ka ja hoto da yatsu don ya matso, taka ka matsa da ƙafarka.

To, sai babban al'amari, wanda a nan ne yawancin rahotanni ke faɗuwa: abin da aka binne. A aikin rijiya, mafi yawan kuɗin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ba wanda zai sake ganin bututan kesin da ka zura don su riƙe bangon ramin, ko sikirin, wato bututun nan mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa, ko tsakuwar da aka zuba a kewaye, ko simintin da aka toshe saman ramin da shi don kada ruwan datti ya gangara ciki. Sumo ma, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar, da zarar ya sauka shi kenan. Duk wanda ya daɗe a harkar ya san a nan ake cin amana: a rubuta mita 60 a haƙa 45, a rubuta sumo mai ƙarfi a zura ƙarami. Shi ya sa hoto ɗaya na bututan kesin a jere a ƙasa kafin a zura su, yadda za a ƙirga su, ya fi mini hoton tanki goma. Galibi kowane bututu mita 3 ne, don haka idan na ƙirga 20 na san zancen mita 60 ake yi. Haka samfurin ƙasar da ke fitowa lokacin haƙa, wanda masu haƙa na ƙwarai ke jerawa tsibi-tsibi a ƙasa da zurfin kowanne a rubuce: daga jar ƙasa, zuwa yumɓu, zuwa ruɓaɓɓen dutse, zuwa inda aka sami ruwa. Injiniya na kallon wannan hoton zai gane ko inda aka sa sikirin ya dace. Sai farantin da ke jikin sumo, mai ɗauke da sunan kamfani da ƙarfinsa da lambarsa, a ɗauke shi yadda za a karanta kafin a sauke shi. Bayan kowane fanel ma akwai irin wannan takarda mai nuna ƙarfinsa, ita ana iya leƙawa a ɗauka ko yanzu.

A ajujuwa ma akwai nasu. Katakon rufi bayan an shafa masa maganin gara, kafin a buga silin. Rodin linta kafin a zuba kankare, da tef a kai. Kaurin daɓen ƙasa. Bututan waya kafin filasta ta rufe su. Kwano kuma, idan BOQ ta ce mai kaurin milimita 0.55, ba mai iya bambance shi da mai 0.45 daga hoton rufi da aka ɗauka a ƙasa, sai dai a nuna shi da abin auna kauri ko a haɗa da rasidin kamfanin da ya yanka shi.

Idan ka duba ka tarar wasu daga cikin waɗannan ba a ɗauke su ba, ka rubuta hakan ƙarara a rahoton, sannan ka kawo wata shaidar. Takardar da mai haƙa ya cika ta zurfi da nau'in ƙasa tana nan. Akwai sakamakon gwajin famfo, akwai na gwajin ingancin ruwa daga ɗakin gwaji, akwai rasidai da takardar kai kaya. Ana iya ɗaga silin ɗaya a haska fitila a ɗauki katakon. Ana iya tona ɗan rami a gefen daɓe a sa tef. Layi ɗaya da ya ce "ba a ɗauki hoton zura kesin ba, a duba takardar mai haƙa a shafi na 14" ba ya hana biya a wurin mai hankali.

Abin da zai iya kashe maka kasuwa shi ne aron hoto daga wani aikin. Na san za a ba ka wannan shawarar, a ce ai kesin kesin ne, wa zai gane? Ana ganewa, kuma ba da wata fasaha mai zurfi ba. An ce an haƙa rijiya a watan Maris, ga ciyawa kore shar a bayan injin. An ce kwana uku ne tsakanin hotuna biyu, ga mangwaro da fure a ɗaya, ga shi da nunannun 'ya'ya a ɗayan. Mai haƙa ɗaya yakan yi wa 'yan kwangila biyar aiki ya raba musu hoto iri ɗaya, duk kuma su kawo wa tebur ɗaya. Wanda aka kwaso a intanet kuwa, Google Lens na tono shi cikin daƙiƙu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma da an kama hoto ɗaya, sauran 39 na gaskiyar ma sun zama abin tuhuma. A aikin gwamnati abin ya wuce jin kunya, domin tun 2019 hukumar ICPC ke bin ayyukan mazaɓu tana zuwa wurin da kanta da takardun biya a hannu.

Yanzu batun hotunan da yaronka ya turo. Kowane hoto da waya ta ɗauka yana ɗauke da wasu bayanai a ɓoye da ake kira EXIF: ranar da aka ɗauka, da ƙarfe nawa, da irin wayar, har da inda aka tsaya idan an kunna GPS. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi ta rage masa kyau, ta kuma goge waɗannan bayanan. Kwanan watan da kake gani a sunan fayil ɗin, irin IMG-20250314-WA0007, na ranar da saƙon ya shigo ne, ba lallai ranar da aka ɗauki hoton ba. Idan yaron ya kwana biyu a ƙauye babu sabis sai da ya fito gari ya turo, to duk kwanakin sun goce. Ka kira shi yau, kafin ya ce waya ta cika ya goge, ko ya sayar da ita. Ku haɗu ya tura maka na asali ta Xender ko ta igiyar caji zuwa kwamfuta. Idan yana nesa, ya turo ta WhatsApp ɗin amma ta wurin da aka rubuta Document, nan ba a taɓa fayil ɗin.

Ka kuma duba agogon wayarsa. Akwai wayoyin da idan batir ya mutu ko aka sake saita su sukan koma wata tsohuwar shekara, sai ka ga hoton aikin bana da kwanan watan shekarun baya. Idan haka ta faru kada ka shiga gyara bayanan fayil ɗin, ka rubuta ainihin ranar a ƙarƙashin hoton tare da dalili.

Lambobin GPS kuma sau ɗaya ya isa ga kowane wuri: ɗaya a kan bakin rijiya, ɗaya a gaban ajujuwa. Tsaya a fili, ba ƙarƙashin kwano ko tanki ba, ka ba wayar kamar minti ɗaya ta natsu. Waya mai kyau a sarari takan kusanci wurin da 'yan mitoci kaɗan. Ka rubuta lambobi biyar bayan ɗigo, domin na biyar ɗin yana daidai da kusan mita ɗaya ne, idan kuma ka tsaya a biyu kana iya gocewa da kusan kilomita guda. Kuskuren da na fi gani shi ne juya lambobin. Ta arewa ake fara rubutawa, sannan ta gabas. Birnin Kano yana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. Idan ka juya su, taswira za ta kai mai dubawa can wajen Ganye a jihar Adamawa. Kafin ka tura, kwafi lambobin daga rahoton ka liƙa a Google Maps ka ga inda suka sauka.

Akwai manhajojin da ke buga kwanan wata da lambobin wuri a jikin hoton, irin su Open Camera da GPS Map Camera. Suna da amfani a aiki na gaba, kuma wasu ƙungiyoyin ma sukan wajabta su, ko su ba ka fom a manhajar KoboToolbox ko ODK da za ka cika a wurin ko babu sabis. Shawarata kawai ka rage girman rubutun. Na sha ganin hoton da taswira da tambari suka cinye kusan rabinsa, abin da aka je nunawa yana ɓoye a bayansu.

Idan hotuna sun hallara a kwamfuta, ka buɗe folda ɗaya ka zuba na asali duka, kada ka ƙara taɓa ta. Waɗanda ka zaɓa ka kwafe su zuwa wata foldar ka sake musu suna yadda za su jeru da kansu, misali 2025-03-14_rijiya_kesin_01. Fara da shekara, sai wata, sai rana. Kada ka yi musu kwalliyar launi. Idan kana son nuna wani abu da kibiya ko da'ira, ka yi a kan kwafin.

Rubutun da ke ƙarƙashin hoto shi ne rabin rahoton, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum ya sa hoto ya rubuta "aiki na tafiya" ko "rijiya", ai mai dubawa ma ya ga rijiya ce. Ga yadda nake so in gani, da lambobin misali:

Hoto na 9. BOQ 1.5. Bututan kesin 16 da sikirin 4, kowanne mita 3, a jere kafin zurawa. Jimla mita 60. Gabas da ramin, 14 ga Maris 2025.

Hoto na 27. BOQ 3.2. Aji na biyu, bangon kudu, daga ciki. Sababbin tagogin ƙarfe 3, an yi musu fenti. A kwatanta da Hoto na 26, kafin aiki.

Lamba, layin BOQ, mene ne, nawa ne, ina ne, yaushe. Da Turanci za ka rubuta ko da Faransanci ko da Hausa, wannan ya danganta da wanda ya ba ka aikin, amma abin da ke ciki ba ya canzawa. Ka guji kalmomin yabon kai irin su "ingantacce" da "mai kyau ƙwarai". Mai dubawa ne zai yanke wannan hukuncin, kai dai ka ba shi adadi. Sunan da BOQ ta kira abu da shi kuma shi za ka riƙe daga farko har ƙarshe. Idan ta ce aji na 1 da na 2, kada a tsakiya su koma ajin gabas da ajin yamma.

Wani hoto da kowa ke sawa yana ganin ya gama magana shi ne na ruwa yana zuba daga famfo. Yana da daɗin kallo, amma abin da yake shaida kawai shi ne akwai ruwa a tanki a wannan lokacin, kuma an sha cika tanki da ruwan 'yan garuwa ranar da baƙi za su zo. Idan kana son ya yi nauyi, ka nuna ruwan yana fitowa daga bututun rijiyar kansa kafin ya hau tanki, ga jarka mai lita 20, ga agogon waya a gefe. Idan ta cika cikin daƙiƙa 40, rabin lita kenan a daƙiƙa, wato lita 1,800 a awa. Rubuta wannan a ƙasa tare da lokacin da aka gwada, tunda famfon sola ƙarfinsa da hantsi daban yake da na la'asar. Ka ƙara da hoton akwatin da ke sarrafa famfon yana kunne. Ɗan gajeren bidiyo da ba a yanke ba, daga fanel zuwa bakin rijiya zuwa famfo, yana taimakawa, sai ka tura shi daban.

Haɗa shafukan ba wuya. A Word ka yi tebur mai gida biyu, hoto a sama, bayaninsa a gidan da ke ƙasa, don kada su riƙa tsalle idan ka ƙara rubutu. Hoto biyu zuwa huɗu a shafin A4 ya isa. Idan ka cusa takwas ba mai iya karanta tef. Wajen rage girman hoto ka ja daga kusurwa, in ba haka ba tanki zai koma kamar an zauna a kansa. Shafin farko ya ɗauki sunan aiki da lambar kwangila, ƙauye da mazaɓa da ƙaramar hukuma da jiha, ranar farawa da ta gamawa, lambobin GPS, da sunan wanda ya haɗa rahoton. Shafi na biyu shi ne wanda na fi so, kuma da wuya a kawo shi: tebur mai nuna kowane layin BOQ, yawan da aka ce a yi, yawan da aka yi, da lambobin hotunan da ke shaida. Wanda ya kawo mini wannan ya rage mini aikin awa guda, kuma takardarsa ba ta kwana. Idan ka zana taswirar makarantar da hannu, ga ajujuwa ga rijiya ga arewa, da 'yan kibiyoyi masu lamba da ke nuna inda aka tsaya aka ɗauki kowane hoto, ka ɗauke ta ka sa, ba sai ta yi kyau ba.

Inda aka yi wani abu daban da abin da ke BOQ, a ce an matsar da tanki saboda rigimar fili, ko an ƙara zurfi don ba a sami ruwa da wuri ba, ka nuna shi a fili, ka faɗi wanda ya amince da ranar da ya amince. Idan ta saƙon waya ne aka amince, ɗauki hoton saƙon ka sa a ƙarshe.

Kafin ka tura, ka matse hotunan a cikin Word ɗin ta wurin da aka rubuta Compress Pictures, ka zaɓi 150 ppi, ka mayar da shi PDF. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5, Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 a saƙo ɗaya, don haka 40 ba za su wuce ba sai an matse. Ka kuma buga shafi ɗaya ko biyu baƙi da fari a shagon kwamfuta ka duba, domin kwafin da zai shiga fayil ɗin ofis sau da yawa fotokwafi ne.

Sai mutane. Hoton taron miƙa aiki guda ɗaya ya wadatar, da mai unguwa ko dagaci da hedimasta, tare da takardar karɓar aiki da suka sa wa hannu. Ba a biyan kuɗi don yawan manyan riguna. Matan da ke ɗibar ruwa kuwa, ka san garuruwanmu, ba kowane magidanci ne zai ji daɗin ganin hoton iyalinsa yana yawo ba. A nemi izini, wadda ta ce a'a a ƙyale ta, ana iya ɗaukar hannu da bokiti ko a ɗauka ta baya. Yara 'yan makaranta sai da sanin hedimasta, kuma yawancin ƙungiyoyi suna da tasu ƙa'idar da fom na amincewar iyaye, ka tambaya. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ma ta shafi irin wannan. Idan wurin yana fama da matsalar tsaro, kada ka sa fuskokin shugabannin gari da lambobin wurin a Facebook don tallar kamfaninka, rahoton na wanda ya ba ka aiki ne.

Ka kuma dubi gefe-gefen kowane hoto kafin ka sa shi, domin hoto yakan kai ƙarar mai shi. Lebura a kan tanki ba igiya ba hular kwano, yaro ƙarami ɗauke da bulo, ramin laka da ba a cike ba a filin da yara ke wasa, buhunan siminti a warwatse. Idan ramin yana nan har yanzu, je ka cike shi sannan ka ɗauka, kada ka yanke shi daga hoton ka bar shi a makarantar.

Akwai hotunan da kai suke karewa. Yawancin kwangiloli ana riƙe wani abu, galibi kashi 5 cikin 100, na wasu watanni bayan miƙa aiki, abin da 'yan kwangila ke kira ritenshan. A cikin wannan lokacin duk abin da ya lalace kai za a kira. Idan akwai tsohuwar tsaga a bangon ajin da ba ya cikin aikinka, ko rufin ofishin hedimasta da ka tarar yana yoyo, sa hotonsu a rahoton ka rubuta cewa haka ka tarar kuma ba ya cikin BOQ. Ka ɗauki fanel ɗin duka da shingensu da kwaɗon a kulle ranar miƙawa, da wanda aka danƙa wa makulli. Idan aka sace biyu bayan wata uku, wannan hoton ne zai raba ka da gardama. Ɗan abin da ya rage kuma, kamar murfin famfo ɗaya da ake jira, gara ka faɗa da bakinka tare da ranar da za ka gyara, da a je a gano. Na asalin hotunan ka ajiye su wuri biyu, a filasha da kuma Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, ka bar su shekaru, don mai binciken kuɗi ba ya zuwa da wuri.

Kafin ka zauna haɗawa, kira jami'in da ke kula da aikinka ka tambaye shi ko suna da nasu samfurin rahoto, ko ya nuna maka wani da suka taɓa karɓa. Sau da yawa akwai, an dai manta ba a ba ka ba. Ranar da za ka kai kuma ka tafi da kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata, in ta imel ne ka nemi a amsa cewa ya iso. Wannan ranar tana da muhimmanci wajen ƙirga kwanakin biya. A kwangilar gwamnatin tarayya, dokar sayen kayayyaki ta 2007 ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardu an tantance su a matsayin wanda aka jinkirta. Ƙungiya mai zaman kanta kuwa nata wa'adin yana cikin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, sai ka buɗe ta ka duba.